Idan gudu yana da iyaka, ƙaruwar gudu fa?

Malam Sani, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Alhamis. Ina koya wa 'yan SS2 darasin motsi, na gaya musu babu abin da ke wuce gudun haske, mita 299,792,458 a sakan ɗaya. Sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ƙaruwar gudun fa, ita ma tana da iyaka?" An riga an kaɗa ƙararrawa, sai na ce mata eh, tunda gudun kansa yana da iyaka. Ta rubuta a littafinta, har na ga ta ja layi a ƙarƙashi. Tun da na fito daga ajin nake jin na ba ta amsar da ban auna ba. Ranar Litinin zan sake shiga ajin, ina so in shiga da gaskiya. Ku taimaka mini.

Abdul, Rigasa: Wa alaikumus salam Malam. Ni direban Keke ne, karatun nawa bai yi nisa ba, amma ina bin zauren nan. Mene ne bambancin gudu da ƙaruwar gudu? A wurina duk totur ne.

Malam Sani, Tudun Wada: Madalla da ka tambaya, Abdul. Idan ka ɗauki fasinja daga tashar jirgi ka miƙe titi, allurarka tana kan 36 ba ta motsi, wannan shi ne gudu. Amma lokacin da ka tashi daga tsaye, fasinja ya ji an ja shi baya ya jingina da kujera, wannan ita ce ƙaruwar gudu. Kilomita 36 a awa daidai yake da mita 10 a sakan. In ka kai shi cikin sakan 10, kowane sakan ka ƙara mita 1 a sakan, shi ne muke rubutawa 1 m/s². Taka birki ma haka ne, shan kwana ma haka ne, duk sauyin tafiya ne.

Abdul, Rigasa: Au, fizgar nan kenan. To ku kira ta fizga mana, kowa zai gane.

Malama Rabi, Unguwan Rimi: Na karɓi kalmar Abdul, don ta ɗauki tashi da birki da kwana gaba ɗaya. Malam Sani, amsar da ka ba yarinyar ba daidai ba ce, amma kuskure ne da mutane da yawa suke yi. Ka'idar Einstein ta 1905 ta sa wa gudu iyaka. Ba ta sa wa fizga ba. Fizga ai sauyin gudu ne a raba da lokaci. Na saman ba zai wuce wani adadi ba, gaskiya ne, amma na ƙasan za ka iya ta rage shi. Ka sauya gudu da mita 10 a sakan cikin sakan 10, fizga 1. Ka yi shi cikin sakan 1, fizga 10. Ka yi shi cikin kashi ɗaya bisa ashirin na sakan, kamar yadda ake yi idan Keke ya daki katanga, Allah ya kiyaye, fizga 200. Gudun bai ƙaru ba, lokacin ne ya tsuke.

Injiniya Bello, Kakuri: Malama, ban gamsu ba tukuna. A ce na samu roka mai man da ba ya ƙarewa. Tana fizga daidai da yadda ƙasa ke jan abin da ya faɗo, 9.8 m/s², wanda ake kira g. Na danna kalkuleta yanzu: a raba gudun haske da 9.8, ana samun sakan miliyan 30.6, wato ƙasa kaɗan da shekara ɗaya. Kenan kafin shekara ta zagayo na cimma haske. Tunda an ce hakan ba zai yiwu ba, dole fizgar ta mutu a hanya. Wannan ba iyaka ba ce?

Malama Rabi, Unguwan Rimi: Injiniya, nan ne kan maganar, don haka bari in ɗan tsawaita. Fizga iri biyu ce. Akwai wadda kai da ke cikin rokar kake ji a gadon bayanka, wadda sikeli zai nuna idan ka hau shi. Akwai kuma wadda mu da muka tsaya a Kaduna muke aunawa da agogonmu da ma'auninmu. A ƙaramin gudu iri ɗaya ne, shi ya sa lissafin Newton ya wadatar da ku a masana'anta. Da gudu ya yi kusa da na haske sai su rabu.

Kai a ciki kullum g ɗaya kake ji, yau da gobe da shekara goma, sikelinka ba zai sauya ba. Mu kuma muna ganin gudunka yana ƙaruwa amma ƙarin yana ta raguwa. Bayan shekara ɗaya a agogonka, mun auna ka kai kusan kashi 77 cikin ɗari na gudun haske. Bayan biyu, kusan 97. Bayan uku, 99.6. Kana ta matsowa, ba ka isa ba, domin agogonka da namu sun daina tafiya tare. Kuma ko a shekara ta uku ka kunna tocila ka haska gaba, za ka ga hasken ya tsere maka da cikakken gudunsa, kamar ba ka taɓa motsawa ba. Fizgar da ta mutu ita ce ta idon mai kallo. Wadda ke jikinka tana nan, kuma lissafin bai hana ka ninka ta sau dubu ko sau biliyan ba.

Injiniya Bello, Kakuri: To na ga inda na haɗa biyu wuri ɗaya. Amma ni a aikina komai yana da inda yake karyewa. Ƙarfe ma in ka matsa masa sai ya tsage.

Baba Audu, Mando: Salamu alaikum yara. Injiniya ya faɗi gaskiya ta wannan fuskar. Na yi shekaru ina gyaran jiragen sama kafin in yi ritaya. Matuƙin jirgin yaƙi idan ya sha kwana mai tsanani, jini yana barin kansa ya gangara ƙafafu. Gani yakan fara dusashewa, sai ya zama kamar ana leƙe ta bututu, sai duhu. Shi ya sa suke sa wando na musamman mai hura iska yana matse cinya da ciki. Da shi da horo, mutum yakan jure g 9 na ɗan lokaci. Akwai wani likitan sojan sama na Amurka, John Stapp, wanda a Disamba 1954 ya hau keken roka a kan dogo, ya wuce kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi cikin ƙasa da sakan ɗaya da rabi. Ya sha g 46. Ya rayu, amma jini ya cika masa idanu. Ya yi hakan ne don a san abin da jikin ɗan Adam zai iya ɗauka, a gyara kujeru da bel.

Malama Rabi, Unguwan Rimi: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan iyaka ce ta gaske, amma ta jini da jijiya ce. Harsashi a cikin bakin bindiga yana shan dubban g, ya fito lafiya. Injin juya jini na ɗakin gwaji mafi ƙarfi yana kaiwa kusan g miliyan ɗaya. Kowane abu da inda yake karyewa, kamar yadda Injiniya ya ce, amma tambayar yarinyar ita ce ko akwai lamba ɗaya da ta hau kan kowa da komai, kamar yadda gudun haske ya hau.

Nura, Kasuwar Barci: Bari in sa baki. Na fara koyon gyara ne a zamanin talabijin mai ƙeya. A bayan kwalbar akwai waya mai roba kamar kofi, tana ɗauke da ƙarfin lantarki na bolt kusan 25,000. Maigidana kullum yana gargaɗi kada a taɓa ta ko an cire wuta, sai an sauke cajin. Elektiron ɗin da ke zana hoto a gilashin, wato 'yar ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, yana tashi daga kusan tsaye ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari na gudun haske a tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Wannan fizgar nawa ce?

Malam Sani, Tudun Wada: Na lissafa a bayan takarda, Nura. Tana wajen 10^16 m/s², wato 1 da sifili 16 a bayansa. Subhanallah. A falon gidajenmu abin yake faruwa muna kallon labarai.

Alhaji Musa, Malali: Ni dai fahimtata, duk abin da aka halitta yana da gwargwado da iyaka. Wanda ba shi da iyaka Allah ne kaɗai. Don haka ina ganin amsar Malam Sani ta farko ba ta yi nisa da gaskiya ba, ko da hujjar da ya kawo ba ita ba ce.

Malama Rabi, Unguwan Rimi: Ranka ya daɗe Alhaji, ban yi jayayya da wannan ba. Babu wanda ya ce akwai wani abu a duniya da fizgarsa ba ta da adadi. Kowace fizga da aka taɓa aunawa lamba ce mai iyaka. Abin da muke nema shi ne ko dokokin da muka gano kuma muka gwada sun ambaci wata lamba suka ce nan ne ƙarshe. Na gudu sun ambata. Na fizga ba su ambata ba. Kuma an gwada su da nisa. A wani gwaji da aka wallafa a 1977, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, an riƙa juya wasu ƙwayoyi da ake kira miyuwon a cikin zobe. Miyuwon in yana zaune, rayuwarsa kamar kashi 2.2 cikin miliyan na sakan ce. A zoben nan ya rayu ninki 29, daidai da abin da gudunsa kaɗai ya nuna a lissafin Einstein. Alhali fizgar da yake sha a kwanar nan ta kai g 10^18. Da akwai wata katanga a kusa, da an ga alamarta a agogonsa. Ba a gani ba.

Ka'idar Einstein ta biyu, ta 1915, ma haka. A saman Rana jan yana 274 m/s². A saman tauraron nutiron, wato mataccen tauraro da ya dunƙule matuƙa, yana wajen 10^12. A bakin baƙin rami kuwa, wato wurin da jansa ko haske ba ya kuɓuce masa, wanda yake so ya tsaya cak kada ya faɗa, fizgar da yake bukata tana ta hauhawa yayin da yake matsawa kusa da bakin, babu inda lissafin ya tsayar da ita.

Ummi, Barnawa: Anti Rabi ina wuni. Ina aji uku a jami'a, fiziks nake karanta. Na taɓa ganin wata magana cewa sanda doguwa ba za a iya fizgarta yadda aka ga dama ba. Ban gane ba a lokacin. Yana da alaƙa da wannan?

Baba Audu, Mando: Kafin Malama ta amsa, 'yata, bari in ba ki abin da na gani da idona. Muna yara muna zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa kallon jirgin kaya. Idan kan jirgi ya ja, ba duka taragun ke tashi lokaci ɗaya ba. Za ki ji ƙarar ƙarfe, kau, kau, kau, tana bin layi daga gaba har wutsiya. Na farko ya riga ya motsa, na ƙarshe bai ma san an tashi ba.

Malama Rabi, Unguwan Rimi: Baba ya gama rabin aikin. Ummi, sanda ma tarago ce, sai dai taragunta ƙwayoyin zarra ne. In kin ja kanta, labarin yana bin jikinta da gudun sauti, a ƙarfe kusan kilomita 5 a sakan. Ko da wane irin abu aka yi ta, labarin ba zai wuce gudun haske ba.

Yanzu ga abin mamakin. Wanda yake fizga ba tsayawa, akwai wani layi a bayansa wanda duk hasken da ya taso daga can ba zai taɓa cim masa ba, muddin bai sassauta ba. Ana danganta wannan layin da wani masanin fiziks, Wolfgang Rindler. Nisansa shi ne gudun haske sau kansa, a raba da fizgar, wato c²/a. Ga mai fizgar g ɗaya, layin yana can baya kusan tafiyar haske ta shekara guda, don haka bai dame mu ba. Amma da fizga ta ƙaru sai layin ya matso. Sandar da ake so ta riƙe tsawonta, dole wutsiyarta ta fi kanta shan fizga, kuma dole wutsiyar ta kasance gaban layin nan. In layin ya iso cikin jikin sandar, ba makawa ta tsinke, ko da me aka ƙera ta. Don haka fizgar kan sanda mai tsawon L ba za ta wuce c²/L ba. Ga sanda mai mita ɗaya, 9 × 10^16 m/s².

Injiniya Bello, Kakuri: To ai ga iyaka nan Malama! Kuma ba ta ƙarfe ba ce, ta dokar ce da kanta.

Malama Rabi, Unguwan Rimi: Iyaka ce, na yarda, amma ka duba L a ƙasa. Ta dogara da girman abin. Rabin mita, iyakar ta ninka. Milimita ɗaya, ta ninka sau dubu. Elektiron ɗin Nura bai damu da iyakar sandarka ba. Gudun haske kuwa bai tambayi girmanka ba, giwa da ƙuda duk ɗaya ne a wurinsa.

Ummi, Barnawa: Anti tsaya, wani abu ya faɗo mini. In iyakar c²/L ce, to sai mu tambaya mene ne L mafi ƙanƙanta. A darasin kwantom, wato ilimin ƙananan ƙwayoyi, an koya mana cewa elektiron yana da wani tsawo nasa, ħ/mc (ħ lambar asali ce ta kwantom, m nauyin ƙwayar, c gudun haske), kusan 3.9 × 10^-13 na mita, wanda in aka matse shi ƙasa da haka maganar ƙwaya ɗaya tilo ta fara rushewa. Na saka shi a c²/L, na samu 2.3 × 10^29 m/s². Wannan lambar tana da ma'ana ko wasa da kalkuleta nake yi?

Malama Rabi, Unguwan Rimi: Ummi, Allah ya yi miki albarka. Ba wasa ba ne. A 1981 wani masani ɗan Italiya, Eduardo Caianiello, ya kawo shawarar cewa kowace ƙwaya tana da iyakar fizga, 2mc³/ħ. Ga elektiron, ninki biyu ne na lambar da kika samu, kusan 4.7 × 10^29. Kuma lambar taki ta sake fitowa ta wata ƙofa. Julian Schwinger ya lissafa a 1951 cewa idan filin lantarki ya kai kusan bolt 1.3 × 10^18 a kowace mita, sararin da babu komai a cikinsa zai fara fitar da elektiron da kishiyarsa bibbiyu. Fizgar da irin wannan filin zai ba elektiron ita ce daidai 2.3 × 10^29. Wato kina ƙara ƙarfi don ki fizgi guda ɗaya, sai ƙarfin ya koma haifar da sababbi.

Amma a riƙe abu biyu. Na ɗaya, lambar Caianiello tana da m a ciki, don haka ta firoton, ƙwayar da ke tsakiyar zarra, ta fi ta elektiron sau 1,836. Ba lamba ɗaya ba ce ga kowa. Na biyu, shawara ce, gwaji bai tabbatar da ita ba.

Nura, Kasuwar Barci: Ni abin da ya kama ni shi ne wai sarari fanko ya fitar da abu. Ta yaya babu za ta haifi akwai?

Malama Rabi, Unguwan Rimi: Ba daga babu ba ne Nura, daga ƙarfin filin ne, shi ake biya da shi. Akwai ma wanda ya fi wannan. William Unruh, ɗan Kanada, ya nuna a lissafi a 1976 cewa mai fizga zai ji sararin da ke kewaye da shi ya ɗau zafi, alhali wanda ba ya fizga bai ji komai ba. Zafin kaɗan ne ƙwarai: sai fizga ta kai kusan 2.5 × 10^20 m/s² kafin a samu digiri ɗaya a ma'aunin Kelbin, wanda ke farawa daga ƙarshen sanyi. Shi ya sa har yanzu ba a auna shi kai tsaye ba. Amma in lissafin ya tabbata, fizga mai tsanani tana nufin wuta mai tsanani, kuma duk abin da aka haɗa daga gutsattsari zai narke a wani mataki.

Injiniya Bello, Kakuri: Na bi hanyar Ummi na saka tsawon Planck, 1.6 × 10^-35 na mita, wanda na ji ana cewa shi ne mafi ƙanƙanta. Ya ba ni 5.6 × 10^51 m/s². Babu m a ciki, babu L na wani abu. Ga lamba ɗaya ga kowa. Malam Sani, ka kai wa ɗalibarka wannan.

Malama Rabi, Unguwan Rimi: A'a Injiniya, kada ya kai mata a matsayin doka. Lambar daidai ce, ana kiranta fizgar Planck. Amma ma'aunan da Max Planck ya fitar a 1899 haɗa lambobin asali ne kawai, ba kowannensu ne katanga ba. Nauyin Planck kusan kashi 22 cikin miliyan na giram ne. Ƙwayar gero ta fi shi nauyi, elektiron bai kai shi ba, babu abin da ya hana ko ɗaya. Abin da 10^51 ke gaya mana shi ne a wajen nan ka'idar Einstein da ta kwantom dole su yi aiki tare, kuma ba mu da gwajajjiyar ka'idar da ta haɗa su. Carlo Rovelli da Francesca Vidotto sun fitar da lissafi a 2013 cewa a irin tasu ka'idar akwai iyakar fizga. Wasu masanan suna bin wasu hanyoyin. Tsakanin 10^19 m/s² (wato g 10^18 ɗin nan) da aka gwada da miyuwon da 10^51 akwai sifili 32.

Alhaji Musa, Malali: To Malama, kenan ƙofar ba a rufe take ba. Ni ina nan kan zatona cewa za a same ta wata rana.

Malama Rabi, Unguwan Rimi: Ba a rufe take ba Alhaji. Ni ma zuciyata ta fi karkata can, saboda lambar nan ta Ummi da ke fitowa ta hanyoyi daban-daban. Amma abin da zuciyata ta karkata gare shi ba zan sa yarinya ta ja masa layi a littafi ba.

Injiniya Bello, Kakuri: Ni har yanzu ina ganin c²/L ta isa a kira ta iyaka, tunda duk abin da za ka iya riƙewa a hannu yana da tsawo. Amma na yarda ba irin ta gudun haske ba ce.

Malam Sani, Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan yi ranar Litinin. Zan fara da ce mata amsata ta Alhamis kuskure ce, ta soke ta, a gaban 'yan ajin duka tunda a gabansu na faɗa. Zan kawo misalin Keken Abdul da katanga, sannan taragun Baba. Daga nan zan ɗauki rular da ke kan teburinta mai santimita 30, mu lissafa tata iyakar a allo. Na samu 3 × 10^16. Ummi, duba mini.

Ummi, Barnawa: Malam sifili ɗaya ya ɓace. 9 × 10^16 a raba da 0.3, ya zama 3 × 10^17. Rular ta fi mita gajarta, dole lambarta ta fi girma.

Malam Sani, Tudun Wada: Haka ne, na gyara. Malama Rabi, in ta tambaye ni dalilin da wutsiyar sanda ta fi kai shan fizga, zan dawo nan da daddare.

Malama Rabi, Unguwan Rimi: Ka dawo Malam. Ka ce ta zo da takardar giraf, da zane ake ganin wannan.